Yadda Za Ka Sa Manhaja a Kwamfutar da Ba Ta da Gidan Faifai

Kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke shigowa jihar Maradi a ƴan shekarun nan, sababbi da na hannu, galibinsu ba su da gidan faifai. Sai ka duba gefen dama, ka duba na hagu, ka rasa ɗan maɓallin nan da ake dannawa bakin ya buɗe. Ba lalacewa ta yi ba, ba kuma mai shago ne ya cuce ka ba. Masu ƙerawa ne suka daina sa shi don na'urar ta rage nauyi da kauri. Tun ƙaramar Eee PC ta kamfanin Asus a 2007 da MacBook Air ta Apple a 2008 aka kama wannan hanya, sauran kamfanoni suka bi sahu.

A Yamai ko Kano abin bai taka kara ya karya ba, kowane lungu da shagon gyara. A Gangara kuwa, wadda ke cikin gundumar Gazawa tun da aka cire ta daga Agye a 2011, lamarin daban ne, haka ma a ƙauyukan Agye da na Gidan Rumji. Malamin lakkol zai sayo firinta don jarrabawar ɗalibai, ya buɗe kwali ya tarar da faifai, ya rasa inda zai sa shi. Sakataren ƙungiyar manoman aya yana son manhajar lissafi. Sai ka ga mutum ya naɗe kwamfuta cikin zane, ya hau kabu-kabu zuwa Gazawa, wani lokaci har Maradi, ya kashe yini da kuɗin mota kan aikin da bai fi ƙarfinsa ba. Wannan asarar tana damuna, ita ce ta sa na zauna na tsara waɗannan matakai.

Abu guda za ka fara riƙewa: faifai buhu ne kawai, hatsin da ke ciki ake so. CD yana ɗaukar mega 700, DVD jiga 4.7. Kile, wato filashi, mai jiga 16 zai haɗiye abin da ke cikin DVD uku har da saura. Saboda haka duk aikin da faifai ya yi a da, kile ko salularka za su yi shi yau.

Mataki na ɗaya: san kwamfutarka

Kafin ka kashe mega ko ɗaya, danna ɓangaren dama na linzami a kan "Ce PC", ka zaɓi "Propriétés". Idan kwamfutar ta biyo ta Najeriya ce tana Turanci, "This PC" da "Properties" za ka gani. Ɗauki biro ka rubuta abu uku: wace Windows ce, 7 ko 10 ko 11, tsarinta 32 bits ne ko 64 bits, RAM ɗinta jiga nawa ce. Ka kifa kwamfutar ka kwafi sunan kamfani da lambar samfurin da ke manne a ƙasanta.

Dalili shi ne manhajar 64 ba ta tashi a kan Windows mai 32, ita kuwa ta 32 yawanci tana aiki a duka biyun. Sannan sababbin manhajoji da yawa sun juya wa Windows 7 baya tun da Microsoft ta daina kula da ita a Janairun 2020. Chrome ma ya tsaya a fitowa ta 109 a kanta.

Mataki na biyu: tanadin wuta da kile

Babban kaso na wutar da NIGELEC ke rabawa a Maradi da Damagaram ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka a Gazawa yake zuwa, kuma kowa ya ga duhun da aka sha sa'ad da Najeriya ta yanke shi a Agustan 2023. Wutar da ke iya ɗaukewa ba sallama ba a fara aiki da ita sai batir ya cika. Mai amfani da hasken rana ya yi aikinsa tsakanin hantsi da azahar. Idan batirin kwamfutarka ya mutu, sai da waya a jiki take tashi, to ƙananan manhajoji kawai za ka taɓa. Kada ka kusanci sauya Windows sai inda ka tabbata wutar za ta zauna.

Kile kuma ka saya a hannun wanda ka san shagonsa, wanda za ka iya komawa wurinsa. Akwai na jabu da aka rubuta wa jiga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba: zai karɓi duk abin da ka zuba masa bai yi gardama ba, sai ranar buɗewa ka tarar fayilolin sun lalace. Gwajin ba wuya. Cika shi da bidiyoyi har bakinsa, ka cire, ka mayar, ka kunna waɗanda ka zuba daga farko da na tsakiya da na ƙarshe. In duk sun yi, kilen na gaske ne. Wata ƴar manhaja mai suna H2testw ita ma wannan aikin take yi.

Ka kuma leƙa ramin USB da fitilar salula. Ƙurar hunturu tana daskarewa a ciki har ta zama kamar laka, kile ya shiga amma kwamfuta ba ta gan shi ba. Kashe na'urar, ka share da busasshen buroshin haƙori. Kada ka cusa allura ko wani ƙarfe.

Mataki na uku: samo fayil ɗin daga gidansa

A nan ne ake yin riba ko asara, don haka zan ɗan daɗe.

Kowace manhaja tana da shafin masu ita. VLC mai kunna bidiyo da sauti yana videolan.org, nauyinsa wajen mega 40. LibreOffice, wadda ke rubuta takardu da lissafi, take kuma buɗe fayilolin Word da Excel, tana libreoffice.org, wajen mega 350. Firefox yana mozilla.org. 7-Zip mai kwance ƙunsassun fayiloli yana 7-zip.org, bai kai mega 2 ba. Dukansu kyauta ne, masu su ne da kansu suka halatta a kwafa a raba. Rubuta adireshin da hannunka a saman burauza. Idan ka bi ta bincike, shafukan talla sukan riga na gaskiya fitowa, cike da manyan korayen maɓallai masu cewa "Télécharger", kowanne da inda zai kai ka.

Sannan ka bambance cikakken fayil da ɗan aike. Wasu kamfanoni idan ka danna saukewa, wani ɗan mitsitsin fayil suke ba ka. Shi ba manhajar ba ne, aikinsa ya kira sauran daga intanet lokacin ɗorawa. A wurin da rezo ke zuwa yana komawa, zai kai rabi ya tsaya, gobe kuma a sake daga farko, forfe yana ƙonewa. Nemi wanda aka rubuta wa "hors ligne" ko "offline", shi ne cikakke. Sau ɗaya za ka sauke shi, ya yi wa kwamfuta goma aiki ba tare da mega ko ɗaya ba. Firefox da Chrome duk suna da irinsa, sai dai sukan ɓoye shi a shafin sauran zaɓuɓɓuka.

Da me za ka sauke? Hanya biyu ce. Ko dai ka ba kwamfutar intanet daga salula ta "Partage de connexion", ko ka sauke a salular kanta daga baya ka kwafe. Ni ta biyun na fi so ga mutanen karkara, don salula tana aljihu: ranar kasuwa ko ranar da wata hidima ta kai ka Gazawa ko Agye, inda rezo ya fi ƙarfi, sai ka sauke abinka ka dawo. Ko Airtel kake da shi, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom, ko Niger Telecom, ka san wanda ya fi kamawa a unguwarku, ka kuma tambaya ko yana da forfen dare. Amma ka lura: shafi yana gane cewa da salula ka zo, sai ya miƙo maka manhajar Android. Danna ɗigo ukun nan na saman Chrome, ka zaɓi a nuna maka shafin a siffar kwamfuta, sa'an nan ka ɗauki na Windows. Fayil mai ƙarewa da .apk na salula ne, ko sau ɗari ka danna shi a kwamfuta ba zai motsa ba. Na kwamfuta da .exe ko .msi yake ƙarewa, wani lokaci a ƙunshe cikin .zip.

Idan ka bi hanya ta farko, wato ba kwamfutar intanet daga salula, kafin komai shiga "Paramètres", sai "Réseau et Internet", ka kunna "Connexion limitée" a kan rezon salularka. In ba haka ba Windows za ta shiga sabunta kanta a ɓoye, ta cinye forfen kafin ka sauke abin da ya kawo ka.

Saura maganar da ba kowa ke son ji ba. Za ka haɗu da yaro mai kirki a shagon caji ko na tura waƙoƙi, ya ce: "Mushe, kawo in cika maka ita da komai, har da Office wanda aka fasa." Ka amsa masa da daɗin baki: "Na gode ƙanena, guda huɗu kawai nake bukata, kuma ina da su." Ba mugunta yake nufi ba, shi ma haka aka ba shi. Sai dai manhajar da aka fasa, sharaɗinta na farko shi ne ka kashe mai gadin kwamfutarka kafin ta shiga, kuma ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba. Kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon ɗalibai, ko rajistar haihuwa, ko lissafin kuɗin ƙungiya, amana ce. Ga kuma haƙƙin masu ita. Tun da LibreOffice tana biyan bukatar wasiƙa da jadawali da lissafi, ban ga hujjar shiga wannan kasada ba.

Mataki na huɗu: kai shi cikin kwamfuta

Haɗa salula da kwamfuta da igiyar USB, ka ja saman allon salular ƙasa, ka zaɓi "Transfert de fichiers". Idan caji kawai take yi ba ta nuna komai ba, igiyar ce. Da yawa daga masu arha wayoyin wuta kaɗai ne a cikinsu. Sauya wata. Buɗe foldar "Download" ta salular, ka kwafo fayil ɗin zuwa kwamfuta.

Idan da kile ka zo da shi, musamman wanda ya kwana a shagon intanet ko wurin buga takardu, kada ka yi gaggawar buɗewa. Danna shi da dama, ka zaɓi a bincika shi da Microsoft Defender, mai gadin da ke cikin Windows 10 da 11 tun asali. Akwai wata ƙwayar cuta da ta addabi ofisoshi da makarantunmu, alamarta a bayyane take: ka buɗe kile, sai ka ga foldodinka da sunayensu daidai, amma kowace da ƴar kibiya a kusurwar ƙasa ta hagu, nauyinta kuma 1 Ko ko 2 Ko. Waɗannan ba foldodinka ba ne, tarko ne. Na gaskiyan an ɓoye su. Ka danna ɗaya, cutar ta shige kwamfutarka, duk kilen da aka sa bayan nan ya ɗauka.

Maganinta: bayan Defender ya gama, dubi harafin da aka ba kilen, a ce E ne. Rubuta cmd a wurin bincike na Windows, baƙin allo zai buɗe. Rubuta E: ka danna "Entrée". Sai ka rubuta wannan daidai, da tazarar da ke tsakani:

attrib -h -r -s /s /d *.*

Ka sake danna "Entrée", ka jira. Foldodinka za su bayyana. Goge masu kibiyar, ka kwashe kayanka zuwa kwamfuta, ka wanke kilen da "Formater".

Mataki na biyar: ɗorawa

Wannan shi ne mafi sauƙi. Kwafi fayil ɗin daga kile zuwa kwamfuta tukuna, sa'an nan ka danna shi sau biyu. Idan .zip ne, danna dama ka zaɓi "Extraire tout". Windows za ta tambaye ka ko ka yarda manhajar ta yi canji a na'urarka. Kafin ka ce "Oui", karanta layin da ke cewa "Éditeur vérifié": ya kamata ka ga sunan masu ita, kamar VideoLAN ko Mozilla Corporation. Idan manhajar babban kamfani ce amma aka rubuta "Inconnu", dakata ka sake duba inda ka samo ta.

Daga nan sai "Suivant", "Installer", "Terminer". Karanta kowane shafi kafin ka wuce, ka cire alamar da aka sa wa duk wata ƙarin manhajar da ba ka nema ba. In an ce ka sake kunna kwamfuta, ka kunna. Kada ka goge fayil ɗin bayan an gama. Buɗe folda guda ka riƙa tara su. Kile kuma a sallame shi da "Éjecter" kafin a zare.

Mataki na shida: idan faifan yana hannunka

Babban abin da ke cikin faifan firinta shi ne direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar. Shiga shafin HP ko Canon ko Epson, ka rubuta lambar da ke goshin firintar, ka zaɓi irin Windows ɗinka. Wanda ke shafin ya ma fi na faifan sabunta.

Idan kuwa faifan wata manhaja ce ta musamman, ta aiki ko ta karatu, wadda ba ta intanet, nemi tsohuwar kwamfutar tebur mai gidan faifai. Ofisoshi da makarantu da yawa suna da irinta. Sa faifan, ka buɗe shi ta "Ce PC", ka kwashe duk abin da ke ciki zuwa folda guda a kile, kada ka bar ko ɗaya. A taka kwamfutar sai ka nemi setup.exe ko install.exe. Faifan da ya ƙi wannan, a mayar da shi fayil ɗin ISO, wato hoton faifan ɗungurungum. Tun daga Windows 8 ta 2012, danna ISO da dama ka zaɓi "Monter" ya isa, kwamfuta za ta ɗauka faifai aka sa mata. Akwai kuma gidan faifai na waje mai igiyar USB. Bai cancanci kuɗin mutum ɗaya ba a ganina, amma makaranta ko ofishin magajin gari su mallaki guda ɗaya abu ne mai kyau.

Mataki na bakwai: sa Windows kanta

Wannan babban aiki ne, ba a yin sa don kwamfuta ta ɗan yi nauyi kawai. In ya zama dole, fara da kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri daban, ka buɗe su a can ka tabbata sun kwafu. Sauke direban Wi-Fi na samfurin kwamfutarka ka ajiye.

Kana bukatar kile mai jiga 8 ko fiye wanda ba komai a ciki, domin za a share shi tas. Kana bukatar ISO na Windows daga microsoft.com, wanda ya haura jiga 5. Wannan kam a gari ake sauke shi, kuma mahaɗin da suke bayarwa awa 24 yake yi ya mutu. Zaɓi harshen da kake so tun a nan, Faransanci ko Turanci. Kada ka yi ƙoƙarin jefa ISO ɗin cikin kile kai tsaye, don tsarin FAT32 da yawancin kile ke zuwa da shi ba ya karɓar fayil guda da ya wuce jiga 4, kuma ko ya karɓa kwamfuta ba za ta tashi da shi haka ba. Aikin Rufus ke nan, ƴar manhaja kyauta da ke rufus.ie. A wata kwamfuta mai lafiya, buɗe Rufus, ka zaɓi kilenka a "Périphérique", ka nuna masa ISO ta "Sélection". A tsarin rabo zaɓi GPT ga kwamfutocin da suka zo da Windows 8 zuwa sama, MBR ga waɗanda suka girme su. Danna "Démarrer", ka jira har ya ce "Prêt".

Sa kilen a kwamfutar da za a yi wa aiki tana kashe. Kunna ta kana ɗan bubbuga maɓallin zaɓen tashi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo da Acer, Échap a Asus. Zaɓi sunan kilen. Idan aka nemi lambar lasisi, kwamfutocin da suka zo da Windows 8 zuwa sama tasu tana ajiye a cikin na'urar. Ka dai zaɓi irin wadda take da ita a da, "Famille" ko "Professionnel". Wurin da za ka natsu shi ne shafin rabe-raben diski: duk ɓangaren da ka goge ya tafi ke nan, sai ka duba girman kowanne da kyau kafin ka taɓa. Sa'ad da kwamfutar ta sake tashi karon farko, zare kilen don kada ta koma farkon aiki.

Wace Windows? Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma tana neman tsarin 64 bits, RAM jiga 4, wurin ajiya jiga 64 da wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, abin da tsofaffin kwamfutocin hannu da yawa ba su da shi. Irin waɗannan ba na yarwa ba ne. Linux Mint kyauta ce, fitowarta ta Xfce ba ta da nauyi, tana jin Faransanci, tana zuwa da LibreOffice da Firefox a ciki. Da Rufus ɗin nan ake sa ta a kile, kuma za ka iya gwada ta daga kilen ba tare da ka taɓa abin da ke kwamfutarka ba. Ka gwada Wi-Fi da sauti da firinta. In sun yi, sa'an nan ka yanke shawara.

Ga daraktocin makarantu da ɗalibanmu

Kusan duk abin da na lissafa sau ɗaya ake sauke shi. Babu dalilin da zai sa malamai biyar a gari ɗaya kowa ya sayi forfe don fayil iri ɗaya. Ina roƙon daraktocin makarantu da shugabannin ƙungiyoyi a Gangara da kewaye su sayi kile guda mai kyau, a keɓe shi don wannan aiki kaɗai, kada a kai shi wurin buga takardu, kada a zuba masa waƙa ko fim. Ku kuma ƴaƴanmu da ƙannenmu da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, in za ku zo hutu ku karɓi kilen nan ku cika shi: LibreOffice, VLC, Firefox, 7-Zip, Rufus, direbobin firintocin da ke garin, da Kiwix, wadda ke buɗe Wikipedia ta Hausa da ta Faransanci ba tare da intanet ba. Ku rubuta ranar da kuka sauke su a ƴar takarda ku ɗaura a jikinsa, in kun dawo hutu na gaba ku sabunta, ku kuma zaunar da mutum biyu a garin ku nuna musu yadda ake yi da hannunsu.